Ukun da ake cirewa daga injin mota a Damargu

Hanyar da ta tashi daga Damagaram ta nufi Agadas, wadda ake kira RN11, tana ratsa Tanut bayan tafiyar kilomita kusan 150. Direban da ya wuce nan da injin da ke ƙorafi ya san sauran tafiyar doguwa ce, gareji kuma sai an yi nisa. Wanda ya sauka daga kwalta ya yi yamma zuwa Belbeji da ƙauyukan Tarka, ko ya nufi rijiyoyin makiyaya na Tenhiya, nasa aikin ya fi wuya. A cikin rairayi ƙaramar giya ake sa wa mota, inji na ihu, tayoyi na jan ciki, iskar da za ta bugi lagireto kuma babu ita. Ƙara da zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40, da buhunan gero da aka jibga har sama da ƙarfen baya. Duk wata dabara da aka yi wa inji don ya sha iska, a irin wannan ranar ake gane amfaninta.

Yawancin ƙananan motocin da ke yawo a ƙasar nan sun yi ƙuruciyarsu a Turai kafin su sauka a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, wadda a da ta daɗe tana zama ƙofar shigowarsu Nijar. Daga nan wata fahimta ta samo asali a garejojinmu: an ƙera motar ne don ƙasar sanyi, saboda haka duk abin da ya shafi sanyi kaya ne kawai. Da mota ta fara zafi sai ka ji mai ita ya ce, "Maigida, cire shi kawai, nan ba Turai ba ce." Abubuwa uku ne wannan hukunci ya saba faɗawa a kansu: tiyon hita, tamosta, da na'urar sanyaya baƙin mai. Ni a ganina an yi wa biyu daga cikinsu rashin adalci, kuma kuɗin rashin adalcin daga aljihun mai mota yake fita.

Hita ita ce mai sauƙin shari'a. Ƙaramin lagireto ne da ke ɓoye a bayan dashbod, tiyo biyu suna ratsa bangon da ke tsakanin inji da direba, ɗaya ya kai mata ruwan zafi, ɗaya ya dawo da shi. In ta huje, ruwa zai jiƙa ƙasan fasinjan gaba, gilashi ya riƙa yin hazo. Fiddo ta sai an kwance dashbod kusan gaba ɗaya, don haka ba na ganin laifin bakaniken da ya zare tiyon biyu ya haɗa bakinsu da guntun bututu. Haɗawar ce ke da muhimmanci. A injuna da dama ta wannan hanya ruwa ke zagayawa kafin tamosta ta buɗe, a wasu kuma ita ce ke shayar da na'urar sanyaya mai. Wanda ya toshe bakin biyu da ƙusa ko itace ya tsare ruwa a kan silinda bai sani ba. Akwai kuma asara biyu da ya kamata a faɗa wa direba. Da asubahin Disamba da Janairu, in hunturu ya sauka a Damargu, zai tuna da hitarsa. Sannan in allurar zafi ta fara hawa a tsakiyar daji, kunna hita har ƙarshe da buɗe tagogi kan rage wa inji zafin da zai kai mota gari na gaba.

Tamosta kuwa ƙofa ce da ke rufe har ruwa ya kai wajen digiri 82 a yawancin injunan Toyota. In babu ita inji yakan daɗe bai ɗumama ba, ya sha mai, ya ci zobe. A injunan da tamostar ke rufe gajeriyar hanyar ruwa idan ta buɗe, cire ta na sa wani ruwan ya riƙa zagayawa bai taɓa lagireto ba, zafin da ake gudu ya ƙaru.

Babbar maganar ita ce na'urar sanyaya mai. Mutane sun ɗauka aikin baƙin mai santsi ne kaɗai, alhali shi ke kwaso zafi daga wuraren da ruwa ba ya zuwa: metal, ƙarƙashin fistin, da tabo in motar tana da shi. A injin 1HZ na Land Cruiser, mai silinda shida da lita 4.2, wanda Toyota ta fara fitarwa a 1990, akwai 'yan bututu da ke fesa mai a ƙarƙashin kowane fistin don ya huce. Zafin da man ya kwaso sai ya sauke shi a wani wuri, wurin kuwa shi ne wasu faranti na ƙarfe da ke kwance cikin ruwa a gefen bulo, bayan wani murfi mai ƙusoshi da yawa. A ƙananan motoci irin su Peugeot da Volkswagen masu dizal, wani ɗan akwati ne na alminiyom da ke zaune tsakanin bulo da matatar mai, da tiyon ruwa biyu a jikinsa. Mai yana son zama wajen digiri 90 zuwa 110. In ya wuce 120 yakan tsinke, kuma masana man inji suna lissafin cewa kowane ƙarin digiri 10 yana ninka saurin lalacewarsa. Abin takaici, allurar da ke gaban direba zafin ruwa take nunawa. Mai na iya dahuwa a ƙasa tana zaune lafiya a tsakiya, har ranar da metal zai fara ƙwanƙwasa.

Me ke sa a cire ta? Huda. Yayin da inji ke aiki, ƙarfin mai ya ninka na ruwa sau uku ko huɗu, don haka ta ƙaramar kafa mai ke kutsawa cikin ruwa. Ka buɗe murfin lagireto ka tarar da wani abu kamar kunun gyaɗa. Da yawa daga nan suke yanke cewa gasket ɗin kan silinda ne ya ƙone, a sauke kai, a kashe kuɗi, a rufe, bayan kwana biyu cutar ta dawo. Gwajin kuwa mai arha ne: a fiddo na'urar, a toshe baki ɗaya, a hura iska ta ɗayan da famfon taya, a nutsa ta cikin bokitin ruwa a jira kumfa.

Fiddowar tana son haƙuri fiye da ƙarfi. Sai inji ya huce sarai, domin murfin lagireto yana riƙe ruwa da matsi har ya wuce digiri 100 bai tafasa ba, kuma da an sassauta masa zai yi tsalle ya toye fuska. A cire kan batir, a juye ruwa ta ƙasan lagireto da ta gefen bulo, a juye mai, a kwance matata. Tiyo ba a fizgarsa. A ja mariƙinsa baya, a murɗa shi dama da hagu har ya saki. In ya manne, gara a tsaga shi da reza a sayi wani, musamman a bakin hita, inda bututun siriri ne kuma karya shi na nufin kwance dashbod ɗin da ake gudu. Ƙusoshin murfin ba tsawonsu ɗaya ba, mai hankali kan soke su a kwali bisa tsarin da suka fito. Kuma a garejin da rufinsa inuwar bishiya ce, ga iskar Damargu ɗauke da rairayi, duk kafar mai da aka buɗe a cusa mata tsumma mai tsabta nan take. Wajen mayarwa a sa sabuwar roba da sabon gasket, a yi hankali da gam, domin abin da ya matso ciki hanyar mai yake tafiya. Tiyon da mai ya jiƙa ya kumbura ya yi laushi, ya gama aiki. A wanke hanyar ruwa sau da yawa, a fidda iska da hita a buɗe.

Ina jin uzurin bakanike, kuma uzuri ne na gaske. Man mota a nan kusa ake tace shi: tun Nuwamban 2011 matatar SORAZ, wadda ke Bakin Birji a ƙaramar hukumar Olelewa cikin gundumar Tanut, kuma aka gina ta don tace ganga 20,000 a rana daga ɗanyen man Agadem, take fidda fetur da dizal da iskar gas. Kayan gyara kuwa sai an aika Damagaram, wani lokaci har Ƙofar Ruwa a Kano, direba na tsaye fasinja na jira. A irin wannan hali, in ɗan akwatin alminiyom ne, cire shi a ɗaura matata kai tsaye a haɗa tiyon biyu dabara ce ta isa gida, da kaya kaɗan, da tafiyar dare. Matsalar ita ce dabarar kwana uku kan zama ta shekara uku, a sayar da motar ma mai saye bai sani ba.

Hudar kanta yawanci daga jarka take farawa. Ruwan rijiya da na tabki suna ɗauke da gishiri da laka. Zafi ya mayar da su ɓawo a jikin faranti, tsatsa ta ci alminiyom da ƙarfe inda suka haɗu. Ruwan nan mai launi da ake sayarwa a galan, wanda ake gani kamar na hana daskarewa ne kawai, maganin tsatsa ne a cikinsa, yana kuma ɗaga matakin tafasa. In babu shi, ruwan sama da aka tace ko ruwan batir marar asid ya fi na rijiya. Sai dai a ƙasar dabbobi irin wannan, wanda ya juye ruwan nan mai launi ya tara shi a mazubi ya rufe: yana da zaƙi, kuma guba ne ga akuya da kare da yaro.