Me ake koya a digiri na biyu kan kiwon lafiyar al'umma?

A farkon shekarar 2010, yara ƙanana suka rinƙa mutuwa a wasu ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, bayan sun yi ta fama da amai da jijjiga.

An ba su maganin zazzaɓin cizon sauro, amma bai yi aiki ba.

Sai da jami'an ƙungiyar likitoci ta MSF suka aika da jinin yaran aka gwada, sannan aka gano gubar dalma ce, daga duwatsun zinariyar da ake niƙawa a cikin gidaje. Binciken da aka yi gida-gida a ƙauyuka biyu ya nuna cewa kashi ɗaya cikin huɗu na yaran da ba su kai shekara biyar ba sun rasu a cikin shekara guda. An ƙiyasta cewa gubar ta kashe yara aƙalla 400.

Cikin masu binciken har da ɗaliban digiri na biyu a fannin kiwon lafiyar al'umma, digirin da aka fi sani da MPH.

Bambancinsa da aikin likita

Likita yana duba majiyyacin da ke gabansa ne. Shi kuwa masanin lafiyar al'umma tambayarsa ita ce, me ya sa mutane da yawa a wuri ɗaya suka kamu da ciwo ɗaya a lokaci ɗaya, kuma me za a yi don kada na gaba ya kamu?

A Zamfara, ba wa yara maganin fitar da dalma daga jiki bai wadatar ba, domin gidajen da za su koma cike suke da ƙurar. Dole ta sa aka kankare ƙasar tsakar gidaje aka zuba sabuwa, aka kuma nemi masu haƙar su fitar da niƙan daga cikin gari.

Misalin da akan fara koya wa ɗalibai shi ne na Dakta John Snow, wanda a 1854 ya bi gidajen waɗanda kwalara ta kashe a wata unguwa ta London, ya gano cewa akasarinsu daga famfo ɗaya suke shan ruwa. A lokacin ma ba a amince cewa ƙwayar cuta ce ke haddasa kwalara ba.

Kusan kowace jami'a kan gina karatun ne a kan ginshiƙai biyar: ilmin yaɗuwar cututtuka, da ƙididdiga, da lafiyar muhalli, da tsara manufofi da tafiyar da hukumomin lafiya, sai kuma nazarin ɗabi'un jama'a.

Ƙididdiga ce ta fi ba ɗalibai wuya, musamman waɗanda suka rabu da lissafi tun daga sakandare. Sai dai na ƙarshen, wanda wasu ke rainawa, shi ne ya fi ba arewacin Nijeriya darasi. Lokacin da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003, maganin yana nan, amincewar jama'a ce aka rasa. An koma yi a 2004, kuma sai a watan Agustan 2020 aka tabbatar da cewa an kawar da asalin ƙwayar cutar daga Afirka.

Su wa ke iya nema?

Mutane da dama na zaton karatun na likitoci ne kawai, alhali ba haka ba ne. Jami'o'i kan ɗauki ma'aikatan jinya, da masu harhaɗa magunguna, da likitocin dabbobi, da ma'aikatan ɗakin gwaje-gwaje, wasu ma har da waɗanda suka karanci ilmin zamantakewa, ko da yake sharuɗɗan sun bambanta daga wannan jami'a zuwa waccan.

Dakta Tedros Adhanom Ghebreyesus, wanda ya zama shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, a 2017, ba likita ba ne. Digirin digirgir ya yi kan lafiyar al'umma a Jami'ar Nottingham da ke Ingila.

Wani abin da ya kamata likitoci su lura da shi: digirin MPH ba ya mayar da mutum babban likita ƙwararre a asibitin koyarwa. Wannan hanya ce dabam, ta horon shekaru da jarrabawar kwalejin ƙwararrun likitoci ta ƙasa ko ta Afirka ta Yamma.

A ina ake yi?

Tsofaffin makarantun fannin a ƙasashen waje suke. An kafa ta London a 1899, don nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi a zamanin mulkin mallaka, ta Jami'ar Johns Hopkins a Amurka kuma a 1916. A Birtaniya karatun yakan ɗauki shekara ɗaya, a Amurka ɗaya zuwa biyu, kuma kuɗinsa ya fi ƙarfin yawancin ma'aikatan gwamnati in ba sun samu tallafi irin na Chevening ko na ƙungiyar Commonwealth ba.

A cikin gida, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Jami'ar Bayero ta Kano, da Jami'ar Ibadan na cikin masu bayar da digirin.

A 2008 ne aka kafa wani shiri na shekara biyu mai suna NFELTP, da taimakon hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, inda jami'o'in Zariya da Ibadan suka ɗauki nauyin bayar da digirin. Abin da ya bambanta shi shi ne ɗalibi ya fi daɗewa a bakin aiki fiye da cikin aji.

An ga amfanin hakan a watan Yulin 2014, lokacin da wani ɗan Laberiya ya sauka a Lagos da cutar Ebola. Ɗaliban shirin da waɗanda suka kammala shi na cikin jami'an da suka bi sawun mutane kusan 900 da suka yi mu'amala da masu cutar, suna auna zafin jikinsu kullum har kwana 21. Mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, kuma a ranar 20 ga watan Oktoba WHO ta ce cutar ta kau daga Nijeriya.

Batun samun aiki

Masu wannan digiri kan yi aiki a ma'aikatun lafiya, da hukumar NCDC, da jami'o'i. Amma guraben da suka fi albashi mai tsoka, waɗanda kuma suka ja hankalin matasa da yawa zuwa fannin, na ƙungiyoyin da ke dogaro da tallafin ƙasashen waje ne.

Wannan dogaro ya nuna illarsa a 2025, lokacin da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafinta na waje, ta kuma rufe hukumar USAID. Shirye-shirye da dama na yaƙi da cutar ƙanjamau da zazzaɓin cizon sauro da tamowa sun tsaya ko sun ragu a ƙasashen Afirka, ma'aikatansu kuma suka rasa aiki.

Don haka yana da kyau mai niyyar nema ya bincika tun kafin ya biya kuɗin fom: shin jami'ar na tura ɗalibai aikin fili, tana koyar da sarrafa alƙaluma da kwamfuta, kuma akwai malamin da zai duba kundin bincikensa a kan lokaci, domin a nan ne karatun shekara biyu kan koma na shekara huɗu.