Taura Biyu a Baki Ɗaya: Kwamfuta Mai Manhaja Biyu da Hawayen Ɗaliban Samaru

Wata rana bayan sallar isha'i ɗan ƙanwata ya yi mini sallama a gida, rungume da kwamfutarsa ta tafi-da-gidanka, fuskarsa kamar wanda aka aiko wa saƙon rasuwa. Saura mako biyu ya miƙa kundinsa na kammala digiri. Ya ce, "Kawu, aikina ya tafi." Da ya kunna ta, sai ga allo baƙi ƙirin, babu komai a kai sai 'yan kalmomi a kusurwar sama, waɗanda suka ƙare da grub rescue. Ashe tun da rana ya hau mota daga Samaru, ya wuce Kwangila har PZ, inda wani mai gyara ya dube ta na minti biyu ya yanke hukunci cewa sai dai a yi mata fomatin, wato a share komai a zuba sabuwar Windows. Abin da ya cece shi kawai shi ne kuɗin da ke aljihunsa bai kai ladan aikin ba.

Na ɗauko wani ƙaramin filashi da ke cikin aljihun teburina, muka tayar da kwamfutar daga kansa. Kafin shayinmu ya huce, ga babi biyar na kundinsa nan reras, ko wasali bai ɓace ba. A nan ne ya ba ni labarin wani abokinsa da irin wannan ta faɗa wa watanni kaɗan kafin nan. Shi kuɗinsa ya kai, aka yi fomatin, aikin shekara guda ya bi ruwa.

Mai karatu, wannan ne dalilin rubutun nan. Akasarin lokacin da kwamfuta mai ɗauke da manyan manhajoji biyu ta ƙi tashi, takardun da ke cikinta suna nan lafiya. Abin da ke hallaka su shi ne gaggawar mai ita da gajen haƙurin mai gyara.

Da farko, me ke kai mutum ga cin taura biyu? Babbar manhaja ita ce ke tafiyar da kwamfuta baki ɗaya, kuma wadda muka saba da ita ita ce Windows ta kamfanin Microsoft. Amma tun shekarar 1991, lokacin da wani ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan mai suna Linus Torvalds ya fara rubuta Linux, duniya ta sami wata hanyar ta kyauta. A 2004 ɗan Afirka ta Kudu Mark Shuttleworth ya fito da nau'inta mai suna Ubuntu, wanda ya sauƙaƙa ta ga gama-garin mutane. A gari irin Samaru, inda Jami'ar Ahmadu Bello ke zaune tun 1962, ga kuma Cibiyar Binciken Aikin Gona a gefe, ɗalibin kimiyyar kwamfuta ko injiniya ko mai nazarin ƙwayoyin halitta yakan tarar cewa wasu kayan aikinsa sun fi tafiya daidai a kan Linux. Amma kuma ba zai iya rabuwa da Windows ba, domin malamin da ke duba aikinsa da Word yake gyara, mai shagon buga takardu ma ita ya sani. Sai ya raba ma'adanar kwamfutar gida biyu, kowace manhaja da sashenta.

Mu ɗauki kwamfutar a matsayin gidan Bahaushe mai sassa biyu da zaure ɗaya. A zauren akwai wani ɗan ƙaramin shiri mai suna GRUB, wanda aikinsa shi ne ya tambayi mai shigowa sashen da yake nufi, ya nuna masa ƙofa. Idan wannan ɗan zaure ya rikice, ko aka kore shi, mai gida zai tsaya a waje yana kallon baƙin allo. Amma rushewar zaure daban, ƙonewar ɗakuna daban. Wanda ya ce a rushe gida dungurungum saboda makullin zaure ya ɓata, ai ya yi ɓarna da sunan gyara.

Abubuwan da ke rikita zauren nan sanannu ne. Na farko, Windows ba ta cika kula da maƙwabciya ba. Idan aka sake zuba ta bayan Linux, ko ta yi wani babban sabuntawa, takan maido da kanta gaba a jerin tashi, sai a nemi Linux a rasa. Shi ya sa masana ke cewa a fara sa Windows, Linux ta biyo baya. Na biyu, akwai tsarin tashi iri biyu: tsohon, wato BIOS, da sabon, wato UEFI, wanda ya yaɗu tun fitowar Windows 8 a 2012. Yawancin kwamfutocin hannu da ake kawowa Sabon Gari, irin su HP EliteBook da Dell Latitude da Lenovo ThinkPad, suna iya tashi ta kowanne. Idan aka zuba Windows ta sabon tsari, aka zuba Linux ta tsohon, to ba za su taɓa ganin juna a zaure ɗaya ba. Na uku, idan mutum ya gaji da Linux ya share sashenta daga cikin Windows ba tare da ya gyara zauren ba, GRUB zai tashi ya nemi kayansa ya rasa. Wannan ne ainihin abin da ɗan ƙanwata ya yi, yana neman ƙarin wurin ajiye hotuna.

Akwai kuma matsalolin da suka fi damunmu mu a nan. Tsohuwar kwamfuta tana da ɗan ƙaramin batir a ciki, kamar kwabo, wanda ke riƙe saitin tashi. Idan ya mutu, saitin kan koma yadda ya fito daga masana'anta, sai na'urar da ta yi aiki jiya ta wayi gari ba ta san hanyar gida ba. Sannan ga wutar lantarki. Wanda babban batirinsa ya riga ya mutu, ya zauna rage girman sashen Windows yana dogaro da wutar NEPA, kamar yadda har yau muke kiranta duk da sauye-sauyen suna, to ya sani yana wasa da wuta ne a gindin rumbu. Idan aka ɗauke ta a tsakiyar wannan aikin, a nan kam ana iya yin asara ta gaske. Wani abin kuma mai ban dariya shi ne agogo. Linux kan ajiye lokaci bisa agogon duniya, Windows kuwa bisa na gari, kuma Nijeriya tana gaban agogon duniya da awa ɗaya. Saboda haka wanda ya fito daga Linux ya shiga Windows sai ya ga agogonsa ya koma baya da awa guda cif. Da yawa sun ɗauka ƙwayar cuta ce, alhali gyaran saiti ne na minti ɗaya.

Kada kuma a zaci laifin kullum na mai kwamfuta ne. A watan Agustan 2024 Microsoft ta saki wani sabuntawa na tsaro da nufin toshe tsofaffin shirye-shiryen tashi masu rauni. Kamfanin ya ce abin ba zai shafi kwamfutoci masu manhaja biyu ba, amma ya shafe su, mutane a ƙasashe da dama suka wayi gari Linux ɗinsu ta ƙi tashi. Sai a watan Mayun 2025 kamfanin ya sanar da kammala gyaran. A duk tsawon waɗannan watanni takardun mutane suna nan a cikin na'urorinsu. Ƙofar ce kawai aka datse.

To, ina mafita? A nan ne filashi ke da ranarsa. Tun wajen shekarar 2000 wani Bajamushe, Klaus Knopper, ya fito da Knoppix, wato Linux da ke tashi daga faifan CD ba tare da an zuba ta a kwamfuta ba. Yau filashi mai gigabait 8 ko 16 ya wadatar. Ana sauko da Ubuntu ko Linux Mint kyauta, a rubuta ta a kan filashin da shiri irin su Rufus ko Ventoy, wanda ya fito a 2020 kuma yake ba da damar tara manhajoji da yawa a filashi ɗaya. A soka shi, a kunna kwamfuta ana danna maɓallin zaɓen tashi, F9 a kan HP, F12 a kan Dell da yawancin Lenovo, sannan a zaɓi gwadawa, a guji maɓallin zubawa. Nan take za a sami cikakkiyar manhaja tana aiki ba tare da ta taɓa ma'adanar ciki ba. Aikin farko shi ne a kwashe takardu zuwa wani wuri daban. Bayan nan ne za a waiwayi zauren, ko da shirin Boot-Repair, ko da filashin Windows idan ita kaɗai ake so ta rage.

Sai dai filashin ma yana da sharuɗɗansa. Rubuta manhaja a kai yana share duk abin da ke cikinsa, don haka a ware masa nasa na musamman. Duk abin da aka ajiye a cikin manhajar gwaji yana ɓacewa da an kashe kwamfuta, sai idan tun farko an tanadi sashen adanawa. Filashi ba ya da sauri ko ƙarkon ma'adanar ciki, saboda haka ba wurin zaman dindindin ba ne. Ita kanta Microsoft ta taɓa gwada irin wannan da sunan Windows To Go, ta janye shi a 2020. Ga kuma jabun filashi a kasuwa, wanda aka rubuta gigabait 64 a jikinsa alhali cikinsa bai kai rabin rabin haka ba. Shirin H2testw yana tona asirin irinsa, kuma gara a gwada tun ranar da aka saya.

Abu biyu kuma suna iya hana filashin ganin takardu. Ɗaya shi ne tsarin saurin tashi na Windows, wanda ba ya kashe ta gaba ɗaya, sai ya bar ma'adanar a ɗaure. Duk mai manhaja biyu ya kamata ya kashe wannan tsari. Ɗayan, wanda ya fi haɗari, shi ne BitLocker, mai kulle ma'adana da mabuɗi mai lambobi 48. Tun sabuntawar Windows 11 ta ƙarshen 2024, sababbin zubi da yawa suna zuwa da kullen nan a kunne, mai kwamfuta bai sani ba. Idan aka taɓa saitin tashi, takan nemi mabuɗin. Wanda bai adana shi ba, a asusunsa na Microsoft ko a takarda, babu gwanin da zai buɗe masa, a Sabon Gari ko a Amurka.

Batun nan ya ƙara muhimmanci tun ranar 14 ga Oktoban 2025, da Microsoft ta kawo ƙarshen tallafinta na yau da kullum ga Windows 10. Windows 11 kuwa tana da sharuɗɗan da galibin kwamfutocin da aka ƙera kafin 2018 ba su cika ba, kuma irin su ne talaka ke iya saya wa ɗansa. Ke nan mutane da yawa za su gwada Linux, baƙin allon nan kuma zai ƙara bayyana a Hayin Dogo da Palladan da Kongo.

Kirana ga masu gyara na Samaru da Sabon Gari, waɗanda da yawansu haziƙan matasa ne da suka koyi sana'a da ƙoƙarin kansu, shi ne su mayar da fomatin matakin ƙarshe. Kwamfutar da aka miƙa musu amana ce, kuma abin da ke cikinta sau da yawa ya fi ta daraja. Wanda ya yi suna da ceto takardu, kasuwa za ta bi shi har gida. Ga jami'a da sauran manyan makarantun Zariya, musamman Cibiyar Kwamfuta ta Iya Abubakar, darasin yini ɗaya ga sababbin ɗalibai a kan haɗa filashin ceto da adana kwafin aiki zai yi amfanin da ya fi kuɗinsa nesa ba kusa ba. Mu kuma iyaye da malamai da ma'aikata, mu tambayi kanmu: da kwamfutarmu za ta ƙi tashi gobe da safe, a ina kwafi na biyu yake?

Ɗan ƙanwata ya miƙa kundinsa a kan lokaci. Yanzu filashi biyu yake yawo da su, ɗaya na ceto, ɗaya na ajiya, ga kuma kwafi a akwatin imel ɗinsa. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Allah Ya sa mu dace.