Idan Kamfanin Inshora Ya Ƙi Biyan Kuɗin Magani: Tsarin Bitar Likita Mai Zaman Kansa a Amurka

Inshorar lafiya yarjejeniya ce da mutum yake zuba wani adadin kuɗi duk wata domin kamfani ya ɗauki nauyin jinyarsa ranar da ciwo ya zo, sai dai kusan kowace takardar yarjejeniya irin wannan a Amurka tana ɗauke da sharaɗin cewa ba za a biya ba sai maganin da ya zama lalura, wato wanda lafiyar majinyaci take buƙatarsa da gaske bisa ilimin likitanci. Shekara da shekaru kamfanin da zai fitar da kuɗin shi ne kuma yake tantance ko lalurar ta tabbata, lamarin da bai rasa kama da ba wa kura ajiyar nama ba, ko da kuwa ma'aikatan kamfanin mutanen kirki ne, domin duk maganin da aka hana riba ce ta rage a asusunsu. Bitar likita mai zaman kansa ita ce hanyar da dokokin ƙasar suka samar don raba waɗannan ayyuka biyu: idan likitan majinyaci ya ce a yi kaza, kamfani ya ce a'a, sai a miƙa takardun ga wani ƙwararren likita da ba ya cin abincin kowane ɓangare, kuma abin da ya yanke ya zama tilas a kan kamfanin.

Tsarin ya samo asali ne daga ƙorafin da ya yawaita a shekarun 1990, lokacin da kamfanonin da ake kira HMO, waɗanda suke haɗa sayar da inshora da sa ido kan yadda ake kashe kuɗin jinya, suka mamaye kasuwa tare da ƙa'idar neman izini kafin tiyata ko gwaji mai tsada. Shari'ar da ta fi tayar da ƙura ita ce ta Nelene Fox, wata mata 'yar jihar Kaliforniya mai fama da kansar mama, wadda kamfanin Health Net ya ƙi biya mata kuɗin dashen ɓargo da ake haɗawa da magungunan kansa masu tsananin ƙarfi, bisa hujjar cewa maganin yana matakin gwaji ne. 'Yan uwa da abokan arziki suka tara kuɗi aka yi mata aikin, ta rasu a 1993, kuma a ƙarshen wannan shekarar kotu ta ci kamfanin diyyar dala miliyan 89, kodayake daga baya an sasanta a kan abin da bai kai haka ba. Tsoron irin wannan hukunci ya sa kamfanoni da dama suka riƙa biya ba tare da gardama ba, har dubun-dubatar mata suka sha wahalar wannan magani, sannan manyan gwaje-gwajen da aka bayyana sakamakonsu a 1999 suka nuna cewa bai fi maganin da aka saba da shi tsawaita rai ba, binciken da ya fi yabonsa kuma, na Werner Bezwoda a Afirka ta Kudu, aka gano a shekarar 2000 cewa ƙirƙirarre ne. Abin da wannan tarihi mai ɗaci ya fito da shi fili shi ne kamfani yana iya hana magani don son kuɗi, likita yana iya rubuta shi don kyakkyawan zato, kotu kuma tana iya yanke hukunci don tausayi bayan majinyaci ya riga ya kwanta dama, alhali abin da mara lafiya yake buƙata shi ne hukuncin masani a kan hujja, tun yana da rai.

Kaliforniya ta fara da dokar 1996 wadda ta shafi magungunan da suke matakin gwaji kaɗai, sannan a 1999 Gwamna Gray Davis ya sa hannu kan dokar da ta faɗaɗa bitar, ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2001 a ƙarƙashin sabuwar hukumar kula da kamfanonin HMO ta jihar. Majinyacin da aka hana magani yakan fara shigar da ƙorafi a kamfanin kansa, ya jira har kwana 30, ko kwana 3 idan jinkiri zai jefa ransa ko wata gaɓa tasa cikin haɗari, kuma idan bai gamsu ba yana da wata 6 ya cike fom ɗin neman bita, ba tare da biyan ko sisi ba, domin kamfanonin ne suke ɗaukar nauyin kuɗin. Hukumar tana tura batun ga cibiyar da ta ba kwangilar wannan aiki, wadda ta daɗe ita ce Maximus, ita kuma ta zaɓo likitan da ya ƙware a fannin ciwon, da sharaɗin ba shi da alaƙar kuɗi, ta aiki ko ta dangi da kamfanin inshorar, ko likitan majinyacin, ko asibitin, ko masana'antar da take haɗa maganin.

Abin da yake isa teburin wannan likita fayil ne kawai: wasiƙar da kamfani ya bayyana dalilin ƙin biya, bayanan da likitan majinyaci ya rubuta a kowace ziyara, sakamakon gwajin jini da hotunan jiki, jerin magungunan da aka gwada a baya da yadda jiki ya karɓe su, sai kuma duk wata takarda da majinyacin ya ga dama ya haɗa. Ba ya ganin fuskar mara lafiya, ba ya taɓa inda yake masa ciwo, don haka layi ɗaya a cikin bayanan asibiti da ya nuna an shafe watanni ana gashin ƙashi ba a ga sauƙi ba yana iya zama abin da zai raba tsakanin amincewa da hoton MRI da hana shi. Doka ta umarce shi ya auna buƙatar wannan majinyaci a karan kansa da binciken kimiyya da aka wallafa bayan tantancewar masana, da ƙa'idojin ƙungiyoyin likitoci, da abin da aka saba yi a aikin, ya kuma rubuta dalilinsa da harshen da mutum zai fahimta. Akwai tanadi biyu da suke nuna inda zuciyar dokar ta karkata: idan masu bitar sun fi ɗaya kuma ra'ayinsu ya rabu daidai wa daida, hukunci yana komawa ga ba da maganin, kamfanin da ya ja ƙafa wajen aiwatarwa kuma yana fuskantar tarar kuɗi a kowace rana.

Kamfanonin ba su karɓi wannan tsari hannu bibbiyu ba. A jihar Ilinoi, Debra Moran ta biya kusan dala 95,000 daga aljihunta don tiyatar kafaɗa da kamfanin Rush Prudential ya ce ba lalura ba ce, kuma ko da likita mai zaman kansa ya goyi bayanta sai kamfanin ya kafe cewa dokar tarayya ta 1974 kan haƙƙoƙin ma'aikata ta shafe dokar jihar. A watan Yunin 2002 Kotun Ƙolin Amurka, da rinjayen alƙalai 5 a kan 4, ta tabbatar da ikon jihohi na tilasta bitar, sannan dokar lafiya da Shugaba Barack Obama ya sa wa hannu a watan Maris na 2010 ta mayar da ita haƙƙi a faɗin ƙasar ga mafi yawan masu inshora, inda ta ba da wata 4 don shigar da buƙata, kwana 45 don yanke hukunci, da awa 72 a lamarin gaggawa.

Duk da haka, ikon mai bitar yana da iyaka, kuma a nan ne masu ƙorafi da yawa suke tuntuɓe, domin tambayar da yake amsawa ita ce ko maganin lalura ne, ba ko yarjejeniyar ta ƙunshe shi ba. Idan takardar inshora ta cire wani nau'in jinya tun farko, wannan batu ne na kwangila da hukuma ko kotu za ta duba. Cin gashin kan mai bitar shi ma ya danganta da wanda ya zaɓe shi. Manyan ma'aikatun da suke biyan jinyar ma'aikatansu daga asusun kansu, su ne suke ƙulla kwangila da cibiyoyin bita aƙalla uku suna karɓa-karɓa a tsakaninsu, tsarin da ya fi rauni nesa ba kusa ba a kan tsarin da hukuma take naɗawa. Kaliforniya kanta tana ba da misalin yadda sakamako yake sauyawa da sauyin ƙa'ida: a ɓangaren inshorar lafiya ta gama-gari, wajen biyu cikin uku na masu neman bita suna samun maganin, ko dai mai bitar ya soke hukuncin kamfani ko kamfanin ya janye da kansa da ya ga batun ya fita hannunsa, amma a ɓangaren diyyar ma'aikatan da suka ji rauni a bakin aiki, inda aka shigo da bitar a 2013 kuma ake auna kowace buƙata da tsayayyen kundin ƙa'idojin jiha, kusan tara cikin goma na hukuncin ƙin biya tabbatar da shi ake yi.

Babban giɓin da ya fi damun duk mai nazarin wannan tsari shi ne ƙarancin masu amfani da shi. Nazarin cibiyar KFF a kan inshorar da ake saya ta kasuwar gwamnatin tarayya ya nuna cewa a 2021 an ƙi biyan kimanin kashi 17 cikin 100 na buƙatun da suka fito daga asibitocin da kamfanonin suka amince da su, amma waɗanda aka ɗaukaka ƙara a kansu ko a cikin kamfanin ba su kai 2 cikin 1,000 ba, balle waɗanda suka kai matakin bita ta waje. Doka ta wajabta a rubuta bayanin wannan haƙƙi a jikin wasiƙar ƙin biya, sai dai wasiƙar tana isa ne ga mutumin da ciwo ya galabaitar, ko ga mai jinyar da ta kwana a kan kujerar asibiti, kuma mutane da yawa suna ɗaukar kalmar kamfani a matsayin ta ƙarshe. Wannan ya shafi mai karatu a Najeriya kai tsaye, domin tsarin inshorar lafiya na ƙasa da aka ƙaddamar a 2005 ya ari fasalin HMO tare da ƙa'idar neman lambar izini kafin a tura majinyaci babban asibiti, dokar 2022 kuma ta wajabta inshorar a kan kowa, don haka ma'aikacin da yake zaune a benci yana jiran lambar ta fito yana da haƙƙin ya san wane ne zai sake duba takardunsa idan amsar ta zo da a'a, wa ya naɗa shi, kuma cikin kwana nawa zai yanke hukunci.