Mu Tsare Ruwan Korama

Ƴan'uwa manoman Matameye, rakenmu da kayan lambunmu duk albarkacin Korama ne. Amma ku dubi tabkunanmu: rairayi na cike su, kacalla ta rufe bakin ruwa. Wanda ya ga farin 1973 da na 1984 ya san abin da rashin ruwa ke jawowa.

Maganin yana hannunmu. In rani ya kama, a kira gayya. A yanke kacalla ƙarƙashin ruwa, don saiwarta ta rasa iska ta ruɓe. A dasa gamba bisa gaɓa, a bar gawo ya girma, su riƙe ƙasa. Ku zo da yara, su gani su koya. Tabkin da ya cike, tononsa sai an sha wuya.