Motocin A-Kori-Kura Masu Aiki da Lantarki na Farko: Matsalolin da Suka Durƙusar da Su

Duk ɗan kasuwar da ke hulɗa da ɗaukar kaya ya san matsayin motar a-kori-kura. Ita ke kwaso amfanin gona daga ƙauye, ita ke rarraba kaya daga sito zuwa kantuna, ita kuma ke kai ma'aikata da kayan aikinsu wurin kwangila. Tun bayan da aka janye tallafin man fetur a ƙasar nan a watan Mayun 2023, kuɗin mai ya zama babban abin da ke cinye ribar masu irin waɗannan motoci, saboda haka hankalin wasu ya fara karkata ga motocin da ke aiki da wutar lantarki. Kafin mutum ya zuba jarinsa, yana da kyau ya san cewa an taɓa gwada wannan abu a Amurka a shekarun 1990, kuma abin da ya sami motocin farko yana ɗauke da darasi. Injin lantarkin da ke juya tayoyin bai cika ba da wahala ba. Abin da ya durƙusar da motocin shi ne batir da abubuwan da ke tattare da shi, wato nauyi, da zafi, da caji, da kuma rashin kayan gyara.

Yadda Aka Fara

A shekarar 1990 hukumar kula da tsabtar iska ta Jihar Kalifoniya ta kafa doka cewa daga 1998 dole ne kashi 2 cikin 100 na motocin da manyan kamfanoni ke sayarwa a jihar su kasance marasa fitar da hayaƙi, kuma adadin zai kai kashi 10 cikin 100 a 2003. Bayan haka, a 1992, gwamnatin tarayyar Amurka ta yi wata doka da ta tilasta wa ma'aikatun gwamnati da kamfanonin wutar lantarki sayen motocin da ba sa dogara da fetur. Waɗannan ma'aikatu kuwa a-kori-kura suka fi amfani da ita wajen zirga-zirgar aiki, kuma motar tana da sarari a ƙarƙashin bodinta inda za a jera batura, don haka ta nan aka soma.

Ƙananan kamfanoni irin su U.S. Electricar da Solectria ne suka fara, suna sayen motar Chevrolet S-10, su cire injin fetur su sa na lantarki. Daga baya manyan suka shigo. Kamfanin General Motors ya fito da S-10 mai lantarki a 1997 da 1998, inda ya ƙera kusan guda 490. Shi kuma kamfanin Ford ya fito da Ranger EV daga 1998 zuwa 2002, ya ƙera kimanin guda 1,500. Kowace daga cikinsu kuɗinta ya haura dala 30,000, wato fiye da ninki biyu na kuɗin 'yar'uwarta mai shan fetur, kuma akasarinsu haya aka ba da su ga ma'aikatu na 'yan shekaru.

Nauyin Batir

Matsala ta farko ita ce nauyi. Motocin sun fito ne da batirin darma, dangin wanda ke tayar da motocinmu na yau da kullum. Irin wannan batir yana da nauyi ƙwarai, ga shi wutar da yake riƙewa kaɗan ce. Alal misali, duka baturan S-10 ta farko, waɗanda nauyinsu ya wuce rabin tan, ƙarfin da suke adanawa bai kai wanda ke cikin lita 2 ta fetur ba. Abin da ya sa motar ke iya tafiyar kimanin kilomita 70 da wannan ɗan ƙarfi shi ne injin lantarki ba ya ɓarnar abin da aka ba shi, alhali injin fetur yana zubar da mafi yawan ƙarfinsa ta hanyar zafi.

Wannan nauyi kuwa daga kason kaya ake cire shi. Ranger mai batirin darma ta haura tan 2 tun ba a ɗora mata komai ba, kuma abin da aka yarje mata ta ɗauka, har da direba, bai wuce kimanin kilo 320 ba. Ke nan idan direba ya zauna, buhu uku na masara masu kilo 100 sun fi ƙarfinta. S-10 ta ɗan fi ta, da kimanin kilo 430. Har ila yau, mota mai yawo da irin wannan nauyi dare da rana tana gajiyar da tayoyi da sifirin da sauran kayan ƙafa. Ford ya yi ƙoƙarin rage nauyin a motocin 1998 ta hanyar sa sifirin baya na zaren kabon, amma da yake wannan sifirin ba ya iya hana motar karkata gefe, sai da aka ƙara masa wasu sandunan riƙo, daga bisani kuma aka koma sifirin ƙarfe.

Batir Ɗaya Ya Ɓata Sauran

Matsala ta biyu ta samo asali ne daga yadda ake haɗa baturan. Don a sami ƙarfin wuta bolt 312 da injin ke bukata, an jera batura 39 masu bolt 8 a cikin Ranger, a cikin S-10 kuma 26 masu bolt 12, kowanne yana miƙa wa na gaba kamar sarƙa. A irin wannan jeri, wuta iri ɗaya ce ke ratsa kowane batir. Idan guda ɗaya ya yi rauni, shi ke fara ƙarewa a kan hanya, sai kwamfutar motar ta rage ƙarfi ko ta tsayar da tafiya don kada a kashe shi, ko da sauran suna da wuta. Wajen caji kuma ba sa cika a lokaci guda, wani ya sha wuta fiye da kima, wani bai ƙoshi ba. Da haka raunin batir guda yake yaɗuwa zuwa sauran.

Bugu da ƙari, batirin darma ba ya son a zuƙe shi ƙarƙaf, kuma ba ya son a ajiye shi babu caji. Idan aka yi haka, wani farin gishiri yakan daskare a kan farantan da ke cikinsa, wanda caji ba ya iya narkar da shi, sai ƙarfin batirin ya ragu har abada. Motar ma'aikata da aka ajiye makonni ba a jona ta da wuta ba tana iya rasa baturanta ba tare da ta yi tafiyar kirki ba. Duk wanda ya taɓa sayen baturan inbata ko na sola don shagonsa ya san wannan ciwo, domin cutar guda ce.

Zafi da Sanyi

Yanayi ma ya taka rawa. A lokacin hunturu batirin darma yakan rasa wani kaso mai yawa na ƙarfinsa, ga shi kuma babu zafin inji da za a ɗumama direba da shi. Wannan ne ya sa aka sanya wa S-10 wata 'yar na'urar ɗumama mai ƙona man dizal, wadda ke tashi idan sanyi ya tsananta. Zafi kuwa a hankali yake kisa. Masana harkar batir suna da ƙa'idar cewa duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan digiri 25 yana rage rabin rayuwar batirin darma.

Don magance ƙarancin nisan tafiya, kamfanonin biyu sun kawo wani batir na nikel da aka fi sani da NiMH, wanda ya fi sauƙin nauyi kuma ya kai motocin sama da kilomita 100 a caji guda. Shi kuma nasa aibin shi ne yana yin zafi idan ya kusa cika, kuma idan ya yi zafi ba ya karɓar caji sosai. Motocin Ranger masu wannan batir sun sha fama da ƙin karɓar caji a wurare masu zafi, har sai da kamfanin ya yi musu gyare-gyare. Baturan suna rufe ne cikin akwati a ƙarƙashin mota, fanka ce ke busa musu iska, saboda haka fanka guda ta lalace ko hanyar iska ta toshe, sai baturan tsakiya su dahu kafin a ankara.

Caji da Ƙananan Na'urori

Ta fuskar caji ma kamfanonin ba su haɗa kai ba. General Motors ya yi amfani da wani faifai da ake zura wa motar a gaba, wanda ke tura wuta ta hanyar maganaɗisu ba tare da ƙarfe ya taɓa ƙarfe ba. Ford kuwa ya zaɓi filogi irin na kamfanin Avcon, kuma cika batirin Ranger yakan ɗauki awa 6 zuwa 8. Na'urar cajin wannan ba ta yi wa waccan aiki, ma'aikatar da ke da motocin biyu sai ta kafa na'urori iri biyu. A watan Maris na 2000 General Motors ya janye kimanin motocinsa 900 masu lantarki daga hannun jama'a, wato ƙananan motoci samfurin EV1 na farko da kuma a-kori-kurar S-10, saboda an gano cewa wurin da ake zura faifan cajin yana iya yin zafi har ya kama da wuta.

Akwai kuma ƙananan na'urori da mai saye bai cika tunawa da su ba. A motar fetur, inji ne ke juya famfon sitiyari da famfon ruwa da na'urar sanyaya ɗaki ta hanyar bel, shi ne kuma ke ba birki iskar da ke sa shi laushi. Da aka cire injin, sai kowane ɗayan waɗannan ya bukaci nasa ƙaramin injin lantarki, kuma kowanne wata sabuwar ƙofa ce ta lalacewa. Daɗin daɗawa, motocin suna da ƙaramin batir mai bolt 12, wanda shi ke tayar da kwamfuta ya kuma rufe manyan makunnan da ke sako wutar babban batir. Idan wannan ƙaramin ya mutu, motar ba za ta motsa ba ko da babban yana cike maƙil. Gano irin waɗannan matsaloli yana bukatar na'urar bincike ta kamfani da makanikin da aka horar, domin wuta mai bolt 300 tana iya hallaka wanda ya taɓa ta da ganganci.

Ƙarshen Zagaye na Farko

Tun a 1996 Kalifoniya ta sassauta dokarta, ta ɗage wa'adin 1998, daga baya kuma aka ci gaba da sassautawa. Da matsin ya ragu, kamfanonin suka daina ƙera motocin, suka karɓe waɗanda suka ba da haya, aka murƙushe da yawa daga cikinsu. Daga cikin S-10, kimanin 60 ne kawai aka sayar kai tsaye, su ne suka tsira. A watan Janairun 2005 wasu masu hayar Ranger suka yi zaman dirshan a gaban wani kantin sayar da motocin Ford a birnin Sakaramento, har kamfanin ya amince ya sayar musu da motocinsu a kan dala 1 kowace. Waɗanda suka riƙe motocin sun ci gaba da fama da rashin kayan gyara, domin an daina yin baturan da suka dace da su, filogin cajin ma ya zama tsohon yayi. Wasu sun musanya baturan da na litiyam, kuma injin asali ya ci gaba da aiki bayan shekaru fiye da 20.

Sababbin Motoci

Zagaye na biyu ya soma ne a 2021 da motar Rivian R1T, sai Ford F-150 Lightning a 2022, sai Tesla Cybertruck a ƙarshen 2023. Batirin litiyam ya kai su ɗaruruwan kilomita a caji guda, amma su ma ba su tsira daga ciwon sabon abu ba. A watan Oktoban 2022 Rivian ya kira sama da motoci 12,000 don a ɗaure wani noti na ƙafar gaba da ke haɗe da sitiyari. A watan Fabrairun 2023 Ford ya dakatar da ƙera Lightning na wasu makonni bayan batirin wata ya kama da wuta a harabar kamfanin. A watan Afrilun 2024 Tesla ya kira motoci 3,878 saboda murfin totur yana iya zamewa ya maƙale. Nauyi ma yana nan, kuma idan motar ta ja tirela mai kaya, nisan tafiyarta yakan ragu da kusan rabi. A watan Disamban 2025 Ford ya sanar da daina ƙera Lightning mai batir zalla, ya ce wadda za ta gaje ta za ta ɗauki injin fetur da zai riƙa cajin batirin.

Abin Lura ga Ɗan Kasuwa

Hausawa sun ce gani ga wane ya isa wane tsoron Allah. Duk mai niyyar sayen a-kori-kura mai lantarki, sabuwa ko ta hannu, ya sani cewa batir ne ya fi komai tsada a jikinta, don haka ya nemi a auna masa lafiyar batirin da na'ura, ya kuma ga takardar garanti da sharuɗɗanta kafin ya biya. Ya tambayi yadda ake sanyaya batirin, da ruwa ne ko da iska, domin zafin da ya wahalar da Ranger a Amurka shi ne yanayinmu na yawancin shekara. Ya duba nauyin kayan da aka yarje wa motar, ya gwada shi da abin da yake ɗauka kullum. Ya lissafa inda zai yi caji da abin da wutar za ta ci masa, musamman idan sai ya tayar da janareto. Sannan ya tabbatar akwai wakilin kamfanin a ƙasar nan mai kayan gyara da makanikai, domin motocin 1990 da yawa an jingine su ne da lafiyayyen inji, saboda an rasa wani ƙaramin abu da kamfani ya daina ƙerawa. Ma'aikatar da motocinta ke zagaye cikin gari su dawo gida su kwana a kan caji ita ce ta fi dacewa ta fara gwadawa, kuma ta fara da mota ɗaya ko biyu, ta riƙe lissafinsu na shekara guda kafin ta ƙara.