Ƙurar Ɗakin Kaji Da Ciwon Huhu

A Unguwar Rogo, kamar sauran unguwannin Sakkwato, da wuya ka shiga gida ba ka tarar da kejin kaji, ɗakin tattabaru ko jar akuya ɗaure a tsakar gida ba. Idan mai gida ya kwanta da zazzaɓi da busasshen tari, sai a ce maleriya ce ko taifot. Ba mai tuna ɗakin da ya share mako biyu baya.

Akwai ƙwayar bakteriya da tsuntsaye ke ɗauke da ita, wadda ke jawo cutar da ake kira zazzaɓin aku. Ba aku kaɗai ba ne: tattabaru, agwagi, talo-talo, har kaji suna yaɗa ta. Tsuntsu na iya zama garau, amma kashinsa idan ya bushe ya zama ƙura, ka shaƙa, cikin kwana 5 zuwa 14 sai zazzaɓi, ciwon kai da limoniya. Wani nazari na 2017 ya nuna kusan 1 cikin 100 na masu limoniyar da aka kwaso a wajen asibiti wannan ce sanadi. Kaɗan ne a lissafi, amma wannan ɗayan yawanci irinmu ne, masu kwasar taki.

Ta biyu ita ce zazzaɓin Q, daga awaki, tumaki da shanu, musamman ta mahaifa da ruwan haihuwa. A Holan, daga 2007 zuwa 2010, mutum sama da 4,000 suka kamu daga gonakin awaki. Kuma ba baƙuwa ba ce nan: tun 1990 aka buga rahoton bincike a kanta a Sakkwato.

Inda gizo ke saƙar shi ne magani. Amoxicillin da aka saba ba mai limoniya ba ya kashe waɗannan biyun, Doxycycline likita ke rubutawa. To don Allah kada wani ya ce zai sha na kaji! In ka je asibiti, ka faɗa da bakinka cewa kana kiwo, ko ba a tambaye ka ba.

Kafin shara, yayyafa ruwa ƙurar ta kwanta, ka sa takunkumi, balle a lokacin hunturu. Mahaifar akuya a binne ta da zurfi, kuma mai juna biyu ta nisanci wurin.