Ba Sukarin Shayi Kaɗai Ba Ne Abokin Gaba

A matsayina na ɗalibin harshe, na daɗe ina zargin cewa sunan "ciwon sukari" ya yi mana illa, domin ya sa da yawanmu na zaton sukarin shayi ne kaɗai abin gudu. Ni kaina na shekara da shekaru ina shan shayi ba sukari, amma da rabin burodi da safe da malmalar tuwon shinkafa biyu da dare, ina ta mamakin yadda tumbi ya ƙi sauka.

Abin da na jahilta shi ne, sitacin burodi da shinkafa sukari yake komawa da zarar ya narke a ciki. A 1981 David Jenkins na Jami'ar Toronto a Kanada ya fito da ma'aunin saurin da abinci ke ɗaga sukarin jini. A 1997 masana a Jami'ar Harvard suka ƙaro abin da zan kira "nauyin sukarin abinci": a ninka wancan ma'auni da giram ɗin sitaci da sukarin da aka ci, a raba da 100. Daga 10 zuwa ƙasa nauyin kaɗan ne, daga 20 zuwa sama kuwa ya yi yawa. Shi ya sa yankan kankana, duk da saurinsa, bai da nauyi, don galibinsa ruwa ne, alhali farantin farar shinkafa ya zarce 20.

To, ina ruwan zuciya? Wani bincike na 2000 ya bi diddigin mata ma'aikatan jinya 75,521 a Amurka tsawon shekara 10, ya gano cewa waɗanda abincinsu ya fi nauyi, haɗarin ciwon zuciyarsu ya kusa ninka na masu mafi ƙarancin nauyi. Sai dai alaƙa ce aka gani, ba a tabbatar shi kaɗai ne sanadi ba.

Batun rage ƙiba kuwa, sai an yi hattara. A gwajin 2007 a Boston kan masu ƙiba 73 na wata 18, rage nauyin sukari bai fi rage maiƙo ba, in ban da ga waɗanda jikinsu ke fitar da insulin da yawa: sun rage kilo 5.8, takwarorinsu masu rage maiƙo 1.2. Amma gwajin Jami'ar Stanford na 2018 kan mutum 609, da ya gwada rage sitaci da rage maiƙo, bai ga wannan bambanci ba. Ke nan duk mai tallar wannan hanya a matsayin sha-yanzu-magani-yanzu, ya wuce gona da iri.

Mai karatu, darasin da na ɗauka mai sauƙi ne: wake ya rinjayi shinkafa a faranti, malmala ta zama ɗaya, miyar alayyahu da kwaɗon zogale su yawaita, ruwa ya maye gurbin lemon kwalba. Kuma ranar da aboki ya ce maka "ka yi ƙiba" da niyyar yabo, ka gode masa, sannan ka je a auna maka hawan jini da sukari.